Littafi na Bakwai

Shekara talatin ina ja da sakin akwatin ƙarfen nan,
daga bakin tashar jiragen ruwa ta Valparaíso
zuwa tudun da gidaje ke rataye kamar shanya.
Minti biyu hawa, minti biyu sauka.
Tsakaninsu, ni da littafi.

Ondina ce ta sayo na farko
wajen mai tsofaffin takardu, bayan kasuwar kifi,
bangon ya sha maiƙo, yana ƙarnin sardin.
Ta ce, "Eleuterio, fuskarka ta cika hadari.
Ungo, sha magani."

Labarin wani masinja ne, Baltasar mai sanƙo.
Aka ba shi ƙunshi ya kai wata duniyar,
sharaɗi ɗaya tak: sai an sa hannu.
Shekara ɗari tara yana tafe,
ya isa, ya ƙwanƙwasa,
ashe mutanen garin ba su da hannu.
Tururi ne su, masu tarbiyya,
suka kewaye shi suna ta ba shi haƙuri.

Ranar dariya ta kwance min gwiwa,
na ja birki a makare, akwati ya yi tsalle,
wata tsohuwa ta rungume kajinta tana kiran waliyyai.

Ga kumbon nasa kuma, mai tsoron duhu!
A sararin sama, jama'a, inda duhu ya yi gidan gado.
Ba ya tashi sai an kunna masa fitila,
an yi masa tatsuniya, an rantse ba dodo a bayan wata.
A na uku ya maka tauraruwa a kotu
don ta mutu ba sallama.
Alƙaliyar kabewa ce mai digiri biyu.

A kicin muke karatu.
Tana yankan albasa, ina yin muryar kumbo,
ba mai sanin hawayen na mene ne.
In abu ya kai mata karo sai ta daki tebur,
ta ɗiga biro a gefen shafi.
Ɗigo ɗaya, murmushi.
Uku, shayi ya fito ta hanci.
Na huɗu, duba shi ka gani, sai ka ce bayan zabo.

Na biyar babu.
Tun ban buɗe ba na ara wa Nicanor mai gyaran igiya,
ya kwashi kayansa ya koma arewa, garin ma'adinai.
Na san dai an yi biki a ciki,
don a na shida kumbo yana da suruka,
kuma ba sa ga maciji.

Na bakwai ya fito bayan Ondina ta tafi.
Watan Yuli, ruwa na dukan kwano,
na ajiye shi kan firji wata huɗu
kamar baƙon da ban san yarensa ba.
Da na buɗe, gefen shafi fari fat.

A shafi na arba'in tururin nan suka kafa kwamiti
don su koyi yatsa.
Sai na ji wata ƙara a kicin
kamar faranti ya faɗi,
na waiga.
Ashe ni ne.
Na lalubo bironta a gwangwanin maɓallai,
na ɗiga uku.
Na san da ta ɗiga huɗu, ita ba ta da rowa.

Saura shafi goma sha ɗaya.
Jiya wani ɗan makaranta ya leƙo bangon,
ya ce, "Kaka, na san abin da ke cikin ƙunshin."
Na ce, "Yaro, ka buɗe baki,
in tsayar da akwatin nan a tsakiyar tudu
mu kwana a nan, ni da kai da uwarka."

Baltasar na can a bakin ƙofa,
ƙunshi a hammata, biro a kunne.
Bari ya ƙara tsayuwa, ya saba.
An buga ƙararrawa,
mutum shida da buhun lemo za su hau.